Me Ya Sa Coci-coci Suka Cika Tsohon Garin Salvador, Kuma Ina Hausawa Suke A Lokacin?

Wani ɗan'uwa ya rubuto cewa ya ga hotunan tsohon garin Salvador na jihar Bahia a ƙasar Brazil, coci na kallon coci, cikin wasu an lulluɓe bango da zinariya tun daga ƙasa har rufi. Tambayarsa ita ce, me gari guda zai yi da wuraren ibada masu yawa haka, wa ya biya kuɗin gina su, kuma da gaske ne an taɓa samun Hausawa a wannan gari?

Malam, abin da zai warware maka yawancin tambayar shi ne ka daina kallon gine-ginen nan a matsayin aikin hukuma guda. Ba Fafaroma ne ya zauna a Rum ya ce a gina su ba, ba kuma bishop ɗin garin ne ya ga masu ibada sun yi yawa ya ƙara musu wuri ba. Kusan kowanne yana da masu shi, kuma masu wannan ba sa shiga sabgar masu wancan. Tsaya a dandalin da ake kira Terreiro de Jesus ka haɗa da ɗan filin da ke manne da shi, za ka ƙirga coci 5 ba tare da ka yi tafiyar minti 5 ba. Babban cocin gari asalinsa na ƙungiyar Jesuit ne. São Pedro dos Clérigos na ƙungiyar limaman coci ne su kaɗai. São Domingos na wasu attajirai ne da ba limamai ba. São Francisco na sufayen Faransiskan ne, wanda ke jikinsa kuma na masu kuɗin da suka jingina da su ne. Kowa da ƙofarsa, da asusunsa, da kaburburansa. Mutanen garin suna cewa suna da coci 365, ɗaya don kowace ranar shekara. Wannan kirari ne, ba ƙidaya ba.

An kafa Salvador a 1549, lokacin da Sarkin Fotugal ya turo Tomé de Sousa a matsayin gwamnan farko na dukan Brazil, kuma ta ci gaba da zama babban birni har 1763 da aka mayar da mulki Rio de Janeiro. Garin hawa biyu ne. A ƙasa, bakin teku, akwai tashar jiragen ruwa da rumbunan 'yan kasuwa. A sama, kan wani tudu mai tsayi, akwai fadar gwamna da majalisa da coci-coci. Tsarin addinin da Turawan Fotugal suka zo da shi yana da wani abu da ya kamata ka sani: Fafaroma ya sallama wa sarki ikon karɓar ushirin amfanin gona a ƙasashen da ya mallaka, da ikon zaɓen bishop, shi kuma sarki ya ɗauki nauyin albashin limamai da gina wuraren ibada. Wajen karɓa sarki bai yi wasa ba. Wajen fitarwa ne hannunsa ke nauyi. Saboda haka cocin unguwa da ke jiran baitulmali yakan daɗe a tagayyare, yayin da na ƙungiyoyi masu neman na kansu ke ta bunƙasa.

Ƙungiyoyin sufaye huɗu ne suka fara kama wuri. 'Yan Jesuit sun sauka tare da gwamnan farko, ƙarƙashin Manuel da Nóbrega, don haka su suka samu tsakiyar gari. 'Yan Benedikt sun kafa gidansu na São Bento a 1582 a kudancin garin, 'yan Karmel suka hau tudun arewa a 1586, 'yan Faransiskan suka zo a 1587. Ka lura, sufi mutum ne da ya yi alkawarin barin aure da dukiya ta kansa, yana zaune da 'yan'uwansa a gida guda mai coci da ɗakuna da lambu. Shi ɗin bai mallaki komai ba, amma gidan na iya mallakar gonakin rake da shanu da gidajen haya da bayi, kuma 'yan Jesuit da Benedikt da Karmel duk sun mallaka. Gidajen nan masu kaurin bango a kan tudu sun yi amfani a lokacin yaƙi ma. Da Turawan Holan suka kama garin a 1624 sun zauna a São Bento, da aka ci su da yaƙi a shekara mai biye kuma a gidan 'yan Karmel aka sa hannu a takardar miƙa wuya.

Cocin 'yan Jesuit da ake gani yau an gina shi tsakanin 1657 da 1672, aka lulluɓe shi ciki da waje da wani farin dutse mai kama da marmara da aka ɗauko daga Fotugal. Jiragen da ke zuwa ɗaukar sukari suna bukatar nauyi a cikinsu don kada teku ta yi wasa da su, to dutse ya biya wannan bukata. A ƙasan gari akwai cocin Conceição da Praia wanda aka soma a 1739, shi duwatsunsa ma a Fotugal aka sassaƙa su aka sa musu lamba, a nan sai dai aka harhaɗa. 'Yan Jesuit ba su ci moriyar nasu ko shekara ɗari ba. A 1759 Pombal, wazirin Sarkin Fotugal, ya kore su daga duk ƙasashen sarki ya ƙwace dukiyarsu. Cocinsu ya zama babban cocin gari, makarantarsu ta zama asibitin soja, a 1808 kuma aka buɗe makarantar koyon likitanci ta farko a Brazil a wurin.

Batun kuɗi kuwa, tushensa uku ne. Na farko rake, wanda ake nomawa a ƙasa mai albarka da ke kewaye da gaɓar tekun, ana matse shi a mayar sukari a tura Turai. Na biyu taba. Mai kyau takan tafi Lisbon, ta baya kuma a shafe ta da maɗin rake a kai gaɓar Afirka ta Yamma, musamman Ouidah, inda ake musayar ta da mutane. Na uku zinariyar da aka gano a Minas Gerais a shekarun 1690. Duka ukun guminsu na bayi ne. Wannan ba zargi ba ne da na ɗora wa ginin, lissafin kuɗinsa ke nan.

Amma ta yaya kuɗin mai gonar rake ke komawa bangon coci? Ta hanyar mutuwa. 'Yan Katolika na wancan zamani sun yi imani cewa yawancin rayuka ba sa wucewa Aljanna kai tsaye, sai sun tsaya a wani matsayi inda ake tsarkake su daga sauran zunubi, kuma addu'ar da liman ke yi a gaban bagadi, wato teburin ibada na coci, tana rage tsawon wannan zama. Saboda haka attajiri kan rubuta wasiyya ya ce a yi masa addu'o'i ɗaruruwa, wani dubbai, wani ma ya ce a riƙa yi har abada, ya bar gida ko gona ko tsabar kuɗi don biyan limaman. Yana kuma so a binne shi cikin coci, ƙarƙashin daɓen da masu ibada ke takawa, kuma gwargwadon kusancin kabarinsa da bagadi gwargwadon darajarsa. Wannan ne ya sa za ka ga coci guda da ƙananan bagadai jere a gefe da gefe: addu'o'in da aka biya sun fi ƙarfin bagadi ɗaya. Kuɗin da aka bari ba ajiye shi ake yi ba. Babu banki a Brazil sai 1808, don haka gidajen sufaye da ƙungiyar jinƙai ta Santa Casa da Misericórdia su ne masu ba da rance da ruwa, masu gonakin rake kuma su ne manyan masu ci. Kuɗi ya fito daga gona ya shiga coci da sunan mamaci, ya koma gona a matsayin bashi.

Gidan mata na Desterro, wanda aka kafa a 1677 kuma shi ne na farko irinsa a Brazil, ya nuna wannan a fili. Aurar da 'ya ga wanda ya dace da gidanku yana cin dukiya mai yawa, domin a al'adarsu uban amarya ne ke bayarwa. Abin da ake biya a shigar da ita gidan sistoci bai kai haka ba. Sai mai 'ya'ya mata da yawa ya aurar da ɗaya ko biyu, sauran ya kai su Desterro, wasu da kuyanginsu. Akwai masu ibada ta gaskiya a cikinsu, ban musa ba, amma jerin masu jiran gurbi ba tsoron Allah kaɗai ya tsawaita shi ba.

Hoton zinariyar da ka gani kusan tabbas na São Francisco ne. An soma cocin a 1708, jikin ginin ya kammala a 1723, ado kuma ya ci wasu shekaru masu yawa bayan nan. Abin da ido ke ɗauka zinariya ce tsantsa katako ne. Masassaƙa suka fitar da ganyaye da inabi da tsuntsaye da mala'iku daga itace, aka shafe da alli haɗe da manne, aka bi da jan yumɓu mai laushi, sannan aka manna zinariyar da aka buge ta zama siririya fiye da fatar albasa, aka goge har ta yi sheƙi. Masu yi wa baƙi jagora suna faɗin kilo ɗaruruwa, kowa da adadinsa. Kada ka riƙe ko ɗaya. Zinariya kaɗan tana rufe bango mai faɗi idan an buge ta haka, kuma a ganina abin mamakin yana ga sassaƙar, ba ga nauyin ƙarfen ba. Haka nan labarin da ake yawan bayarwa cewa bayi sun munana fuskokin mala'iku da gangan don ramuwa: labari ne mai daɗin ji, amma irin waɗannan siffofi suna nan a coci-cocin Fotugal na zamanin. Abin da aka tabbatar shi ne aikin ƙwararru ne masu kwangila, a ƙarƙashinsu akwai 'yantattu da bayi da suka koyi sassaƙa da gini da fenti, kuma sunayen mafi yawan waɗannan ba su shiga takarda ba.

Wani zai ce, ba Faransiskan ne masu wa'azin talauci ba? Su ne. Amsarsu ita ce ɗakin sufi ba komai sai gado da gicciye, zinariyar kuwa ta ɗakin Ubangiji ce, kuma sadakar mutane ce. Ko ka gamsu ko ba ka gamsu ba, ka leƙa tsakar gidansu. Barandar da ta kewaye shi an jera mata tayil shuɗi da fari daga Lisbon, ɗauke da hotunan da ke wa'azi kan gushewar duniya da yaudarar dukiya, taku kaɗan daga bango mafi tsada a garin.

Cocin da ke manne da shi, mai fuskar dutse da aka sassaƙa a farkon shekarun 1700, shi ne zai kai mu ga ainihin dalilin yawan nan. Na mutanen gari ne masu aure da sana'a da suka jingina da Faransiskan. Irin waɗannan ƙungiyoyi na waɗanda ba limamai ba sun cika garin, kuma aikinsu ya yi kama da adashe: kana zuba kuɗin shiga da na shekara, idan ka kwanta ciwo a duba ka, idan ka mutu a ɗauki gawarka da rakiya, a binne ka a cocin ƙungiya, a biya maka addu'o'i, a tallafa wa matarka. Sai dai ba kowa ake karɓa ba. Manyan ƙungiyoyin suna binciken asali, ba sa ɗaukar wanda ke da jinin Yahudawa ko na Musulmi ko na baƙar fata. Barbarar yanyawa, wato 'ya'yan Turawa da baƙaƙe, suka kafa nasu, kamar masu cocin Boqueirão. Baƙaƙe su ma suka kafa nasu, kuma a cikinsu ma akan bambanta haifaffen Brazil da wanda aka kawo daga Angola da wanda aka kawo daga gaɓar Dahomey. Ƙungiya takan fara da aron bagadi a gefen cocin wasu. Da ta ji ƙarfi sai ta nemi fili ta gina nata, ta kuma yi ƙoƙarin hasumiyarta ta fi ta maƙwabta.

Shuɗin cocin da ke gangaren dandalin Pelourinho a tsohon garin, Nossa Senhora do Rosário dos Pretos, na baƙaƙe ne. Sun samu izinin gini a 1704, aikin ya ɗauki kusan ƙarni guda, domin da ɗan abin da suka tara da lokacin da suka samu bayan aikin iyayen gijinsu suke yi. Don ka gane abin da ya sa bawa zai zuba kuɗinsa a nan, sai ka san makomar wanda ba shi da ƙungiya: a ɗauke shi a makara ta haya a kai Campo da Pólvora, a tura a rami mara zurfi tare da wasu. Har yau ƙungiyar tana nan da ranta, kuma ran Talata da yamma ana ibada a cocin da ganguna.

Idan kana son shaidar cewa kabari ne ginshiƙin wannan tsari, ga ta. A 1835 hukuma ta yi dokar hana binne mutane cikin coci saboda lafiyar jama'a, ta ba wani kamfani ikon binne kowa a sabuwar maƙabarta a bayan gari. Ran 25 ga Oktoban 1836 ƙungiyoyin nan, farare da baƙaƙe, maza da mata, suka fito da tutocinsu, suka nufi maƙabartar Campo Santo suka farfasa ta. Dokar ba ta zauna ba sai da annobar kwalara ta 1855 ta tilasta.

Hausawa kuwa, tabbas an yi su a Salvador, kuma ba kaɗan ba. Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi a 1804, yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa sun samar da kamammu daga ɓangarorin biyu. Aka riƙa gangarawa da su kudu ta ƙasar Oyo zuwa Legas da Badagry da Porto-Novo da Ouidah, daga can jiragen masu taba suka kwashe su zuwa Bahia. Dokar coci ta garin, wadda aka tsara a 1707, ta wajabta wa ubangida ya sa a yi wa bawansa baftisma bayan an koya masa 'yan tambayoyi da amsoshi. Saboda haka malamin da ya sauke Alƙur'ani a gida sai ya wayi gari ana kiransa João ko António. A takarda Kirista ne. A ɗakin da suke haya a ƙarƙashin benaye kuma yana da allo da tawada da ɗalibai.

A watan Mayun 1807 gwamnan Bahia ya bankaɗo shirin tawaye na Hausawa da aka tsara zai tashi a lokacin bikin Corpus Christi, ranar da duk gari ke fita jerin gwano na coci. A Fabrairun 1814 wani tawayen da Hausawa suka jagoranta ya ɓarke a wuraren kamun kifi na wajen Itapuã, aka yi asarar rayuka da yawa. Mafi shahara shi ne na daren 24 zuwa 25 ga Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na Ramadan, wanda ya dace da wani biki a cocin Bonfim da ke jan mutane zuwa wajen gari. A nan zan ja hankalinka, domin ana yawan cewa tawayen Hausawa ne. Mafi yawan mutum kusan 600 da suka fito sanye da fararen riguna da layu Yarabawa Musulmi ne. Hausawa kaɗan ne a ciki, ko da yake cikin malaman da aka tuhuma akwai Bahaushe 'yantacce mai sayar da taba, Dandará, wanda sunansa na baftisma Elesbão do Carmo, kuma wani bawa Bahaushe hukuma ta sa ya karanta mata takardun Larabcin da aka samu a jikin mutane. Faɗan ya fara a wani gida da ke Ladeira da Praça, 'yan taku daga fadar gwamna, suka yi ƙoƙarin fasa kurkukun da ke ƙarƙashin majalisar gari don fitar da malaminsu Pacífico Licutan, ba su samu nasara ba, aka murƙushe su a barikin sojan doki na Água de Meninos kafin gari ya waye sosai. An harbe mutum 4 ran 14 ga Mayu, an yi wa da yawa bulala ɗaruruwa, an kori 'yantattu da dama zuwa Afirka. Ba za ka ga masallacin wancan zamani a tsohon garin ba, domin tsarin mulkin 1824 bai yarda wani addini ban da Katolika ya yi gini mai siffar wurin ibada ba, balle kuma addinin bayi.

Daga tsakiyar ƙarni na 19 gidajen sufaye suka shiga ja da baya. A 1855 gwamnati ta hana su ɗaukar sababbin almajirai, da niyyar idan na ƙarshe ya mutu dukiyar ta koma hannunta. 'Yan Benedikt sun 'yanta bayinsu a 1871, shekara 17 kafin a soke bauta a ƙasar baki ɗaya. Bayan an raba addini da gwamnati a 1890 sai da aka kawo sufaye daga Turai, musamman Jamus, suka farfaɗo da gidajen da suka kusa zama kango. Tsohon babban cocin gari na asali kuwa an rushe shi a 1933 don a shimfiɗa layin taragon cikin gari, abin da har yau masana tarihin Bahia ba su yafe ba. Hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa ta kafu a 1937, UNESCO ta sa tsohon garin cikin jerin kayan tarihin duniya a 1985. Gidan sufaye na Santa Teresa ya zama gidan adana kayan fasahar addini, wani sashe na gidan 'yan Karmel an mayar da shi otal.

Shiga jerin UNESCO ba ya toshe yoyon rufi. Gini mai katako da yawa a gari mai zafi da damshi da iskar gishiri abincin gara ne, ƙungiyoyin da suka gina su kuma yawancinsu sun tsufa ko sun ƙare, dukiyar wasiyya ta narke. Ran 5 ga Fabrairun 2025 wani sashe na silin katako na São Francisco ya rufto kan maziyarta, wata matashiya ta rasu, wasu suka ji rauni, aka rufe cocin. Idan kana shirin zuwa, ka bincika waɗanne ne a buɗe kafin ka sayi tikiti.

Idan kuma Brazil ta yi maka nisa, akwai reshen wannan gini kusa da gida. Waɗanda suka komo daga Bahia bayan 1835, Musulmi da Kirista, da yawansu magina ne da kafintoci, kuma salon da suka koya a can shi suka zo da shi. A Legas su ne ake kira Aguda, kuma ɗaya daga cikinsu, João Baptista da Costa, shi ya jagoranci ginin masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894. Babban masallacin Porto-Novo a Jamhuriyar Benin, wanda zuriyarsu suka gina a farkon ƙarni na 20, ya fi fito da abin sarai: hasumiya biyu a gefe da gefe, goshi mai lanƙwasa a tsakiya, fenti kala-kala, tsarin fuskar cocin Bahia sak. Daga Legas ta iyakar Seme tafiyar yini guda ce.